Wa Ya Riga Wa Zuwa? Yadda Yahudawa da Falasɗinawa Ke Kafa Hujja da Tarihi a Kan Ƙasa Ɗaya

Tun da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Faransa suka sanar a watan Satumbar 2025 cewa sun amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa, tsohuwar gardamar nan ta sake tashi, a majalisa ne ko wajen mai shayi ko a waya. Wannan ya ce ai Yahudawa ne 'yan asalin wurin, Larabawa daga baya suka zo da yaƙi. Wancan ya ce ina, ai Turawa ne kawai aka kwaso daga Poland da Rasha aka jibge a gonakin mutane. Sai a yi ta jifan juna da shekaru da ayoyi har a tashi ba wanda ya gamsu. Abin da ke sa maganar ta ƙi ƙarewa shi ne kowa a cikinsu yana riƙe da wani ɓangare na gaskiya, kuma tambayar da ɗaya yake amsawa ba ita ɗayan yake amsawa ba. Ɗaya yana maganar inda al'ummarsa ta samo asali, ɗaya yana maganar inda kakanninsa suka yi ta zama suna noma ba yankewa har ranar da aka fitar da su.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Rabin rikicin a bakin mutanenmu daga cakuɗa sunaye yake. Bani Isra'ila su ne al'ummar dā, zuriyar Annabi Yaƙub, waɗanda Alƙur'ani da Baibul suka ba da labarinsu. Bayahude kuwa mabiyin addinin Yahudanci ne ko wanda aka haifa cikin al'ummar, ko yana ibada ko ba ya yi, kuma fiye da rabin Yahudawan duniya ma ba a Isra'ila suke zaune ba, Amurka kaɗai tana da miliyoyinsu. Sahyoniya, wato aƙidar kafa wa Yahudawa ƙasa ta kansu a wannan yanki, harkar siyasa ce da ta taso a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, sunan kuma daga Sihiyona ne, wani tudu a Ƙudus. Akwai Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, irin su Satmar da Neturei Karta, da suke ganin haramun ne a kafa ƙasa kafin zuwan Almasihun da suke jira, sai dai su tsiraru ne, mafi yawan Yahudawa a yau suna goyon bayan wanzuwar Isra'ila ko da suna sukar gwamnatinta. Ba'isra'ile kuma shi ne mai takardar zama ɗan ƙasar Isra'ila, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu wannan takarda Larabawa ne.

Bafalasɗine shi ne Balaraben da asalinsa daga wannan ƙasa yake, tsakanin Kogin Jordan da Bahar Rum, ko yana cikinta ko yana gudun hijira. Mafi yawa Musulmi ne amma akwai Kiristoci, kuma Kiristocin nan sun taka babbar rawa a fafutukar tun farkonta. Wannan ne ma ya sa duk wanda ya ɗauki abin a matsayin faɗan Musulmi da Yahudawa zalla zai yi ta tuntuɓe da abubuwan da ba su shiga lissafinsa ba.

Hujjar Yahudawa

Ba maganar littafin addini kaɗai ba ce, akwai abin da aka tono a ƙasa. Wani dutse da Fir'auna Merneptah na Masar ya sa aka rubuta wajen shekara 1208 kafin haihuwar Annabi Isa ya ambaci wasu mutane da sunan Isra'ila a Kan'ana. Daga baya an yi masarautu biyu, Isra'ila a arewa wadda Assuriyawa suka rusa wajen 722, da Yahuda a kudu wadda Babila ta ci a 586 ta rushe ɗakin ibadar da ke Ƙudus ta kwashe manyan gari. Farisawa suka bar su suka dawo suka sake gini, har Rumawa suka rushe wannan na biyun a shekara ta 70 miladiyya. Bayan tawayen Bar Kokhba na 132 zuwa 135 Rumawa suka hana Yahudawa zama a Ƙudus, suka sauya wa garin suna zuwa Iliya, lardin kuma suka kira shi Siriya Falastina.

To daga nan hujjar tasu ta ginu a kan abu biyu. Na farko, ba su taɓa ƙarewa ƙaf a ƙasar ba, kullum akwai 'yan tsiraru a Ƙudus da Al-Khalil da Safad da Tabariyya. Na biyu, waɗanda suka warwatsu ba su saki ba. Bayahude a Yaman ko a Maroko ko a Lituweniya idan zai yi addu'a Ƙudus yake fuskanta, a ƙarshen cin abincin idin ƙetarewa suna cewa baɗi a Urushalima, wato Ƙudus, a wajen ɗaurin aure ango yana taka kofin gilashi ya fasa don tuna rushewar ɗakin ibadar, bukukuwansu ma da lokacin ruwa da girbin wannan ƙasa suke tafiya ko da suna zaune a inda ƙanƙara ke zuba. Suka ce al'ummar da ta riƙe wuri a zuciya kusan shekara dubu biyu ba za a kira ta baƙuwa a wurin ba.

Sai kuma hujjar tsira da rai, wadda a wajen da yawansu ta fi ta tarihi ƙarfi. Kashe-kashen da aka yi musu a daular Rasha daga 1881 su suka fara koro su da yawa, Theodor Herzl, jagoran harkar, ya tara taron farko na Sahyoniya a Basel a 1897, sannan 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa miliyan 6 a lokacin da ƙasashe da dama suka rufe musu ƙofa. Suna ƙarawa da cewa bayan 1948 Yahudawa wajen 800,000 sun bar ƙasashen Larabawa, wasu da kora wasu da tsoro wasu da kwaɗaitarwar Isra'ila, Iraƙi kaɗai ta rasa kusan 120,000 a tsakanin 1950 da 1951, kuma zuriyar waɗannan da sauran Yahudawan gabas sun kai kusan rabin Yahudawan Isra'ila a yau. Don haka maganar cewa duk Turawa ne ba ta tsaya ba.

Hujjar Falasɗinawa

Su tasu hujjar ba ta buƙatar tono, a ƙauye take da kabarin kaka da bishiyar zaitun. Suna cewa mu ne mutanen da ba su tafi ko'ina ba. Dauloli sun zo sun wuce, Rumawa, Musulmi a zamanin Sayyidina Umar wajen 637 zuwa 638, 'yan Salibiyya a 1099, Salahuddin a 1187, Mamluk, Usmaniyya daga 1516 har 1917, amma manomin da ke kan tudun Nablus yana nan. Yawancin masana tarihi suna ganin zuwan Musulunci bai kawar da mutanen ƙasar ya zuba wasu ba, sojojin da suka zo ba su da yawan da za su cika ƙasa, abin da ya faru shi ne mazauna wurin, Kiristoci da Samariyawa da Yahudawa, sun yi ta komawa harshen Larabci da Musulunci a hankali cikin ɗaruruwan shekaru, ana kuma ta auratayya da masu shigowa. Sunayen ƙauyuka ma sun nuna haka, Beitin ita ce Betel ta Baibul, Anata ita ce Anatot, Al-Jib ita ce Gibeyon, bakin manoman Larabawa ne ya adana sunayen. David Ben-Gurion da kansa, wanda ya zama firaministan Isra'ila na farko, ya taɓa rubutawa tare da Yitzhak Ben-Zvi a 1918 cewa manoman nan da yawansu jikokin mutanen dā ne na ƙasar.

Lissafi kuma yana tare da su a wannan gaɓa. A wajen 1880 Yahudawa ba su wuce kashi 5 cikin 100 na mazauna ba. Ƙidayar da Birtaniya ta yi a 1922 ta samu mutum kusan 757,000, Musulmi wajen 590,000, Yahudawa wajen 84,000, Kiristoci wajen 73,000. Tambayar da suke yi ita ce, da wane haƙƙi mutumin da kakan kakansa ya bar wuri shekara dubu da ɗoriya zai fi wanda aka haifa a ɗakin nan jiya iko da shi, kuma laifin da Turai ta yi wa Yahudawa me ya sa manomin Yafa ne zai biya.

Ana yawan jefa musu cewa ai ba a taɓa yin ƙasa mai suna Falasɗinu da sarki da tuta ba. Wannan haka ne. Amma sunan daɗaɗɗe ne, masanin tarihin Girka Herodotus ya yi amfani da shi tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, daulolin Musulunci na farko suna da lardin Jund Filasɗin, a 1911 kuma wasu Kiristocin Yafa suka kafa jarida mai suna Filasɗin. Sannan in rashin tuta a dā yana soke haƙƙin mutane, to Jordan da Lebanon da Iraƙi da yawancin ƙasashen Afirka su ma zanen Turawa ne na ƙarni na 19 da na 20. Kishin ƙasa irin na zamani, na Yahudawa da na Falasɗinawa, kusan sa'annin juna ne, kuma kowanne gogayya da ɗayan ce ta ƙara masa kaifi.

Jini da addini ba su raba gardamar ba

Wasu sun zaci gwajin ƙwayoyin halitta zai kashe bakin kowa. Sai binciken da aka wallafa a 2020 a kan ƙasusuwan Kan'aniyawan dā ya nuna cewa Yahudawa da Larabawan yankin Sham duk suna ɗauke da kaso mai yawa na wannan jini. Yahudawan Turai suna da gaurayen jinin Turai, musamman na kudanci, amma raɗe-raɗin cewa duk jikokin Khazar ne, mutanen wata tsohuwar daula ta yankin Tekun Kaspiya da suka karɓi addinin, masu binciken ba su samu abin da ya tabbatar da shi ba. Wato dai dangi ne ke faɗa a kan gado.

Ta fuskar addini kuma, masu kafa hujja da alƙawarin da aka yi wa Annabi Ibrahim a Attaura suna da ƙarfi sosai a cikin 'yan kama-wuri-zauna da kuma Kiristocin Ibanjelika na Amurka. Musulmi suna kallon Ƙudus a matsayin alƙibla ta farko kuma wurin Isra'i, malamai da dama suna cewa alƙawarin ƙasa mai tsarki da aka ambata a Suratul Ma'ida yana da sharaɗin biyayya, kuma gadon annabawa na masu bin tafarkinsu ne. Matsalar a fili take, hujjar da ta dogara da imani ba ta ɗaure wanda bai yi imanin ba, kuma dokar duniya ba ta yanke hukuncin mallakar ƙasa da nassi. Mutanen da suka assasa Sahyoniya ma galibinsu ba masu ibada ba ne, har sai da aka tattauna tayin Birtaniya na ba su wuri a gabashin Afirka a 1903 kafin a yi watsi da shi.

Wurin da abin ya fi taruwa shi ne fili ɗaya mai suna biyu. Musulmi suna ce masa Haramin Ƙudus, inda Masallacin Aƙsa yake da Ƙubbatus Sakhra da Abdul Malik bin Marwan ya kammala wajen 691. Yahudawa suna ce masa Dutsen Haikali, wuri mafi tsarki a addininsu. Bangon yamma da suke addu'a a jikinsa shi ne Musulmi ke kira bangon Buraƙa, kuma rikici a kan wannan bango ne ya haddasa tarzomar 1929 da ta ci Yahudawa 133 da Larabawa 116, ciki har da Yahudawa 67 a Al-Khalil. A kowane ɓangare akwai masu musanta alaƙar ɗayan da wurin baki ɗaya, kuma duk musun biyu tarihi bai goyi bayansu ba.

Alƙawari uku da gonar da aka sayar daga Beirut

Abin da ya mayar da iƙirari biyu suka zama yaƙi ya faru ne cikin shekara talatin kacal. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya Birtaniya ta yi wa Sharif Husaini na Makka alƙawarin daular Larabawa a wasiƙun 1915 zuwa 1916, ta yi yarjejeniyar Sykes-Picot da Faransa a ɓoye a 1916 ta raba yankin, sannan a ranar 2 ga Nuwamba 1917 ta fitar da sanarwar Balfour mai goyon bayan gida na ƙasa ga Yahudawa. A cikin sanarwar ba a ambaci Larabawa da suna ba, alhali su ne kusan kashi 90 cikin 100, an kira su al'ummomin da ba Yahudawa ba, an ce a kare haƙƙinsu na zamantakewa da na addini, ba a ce komai kan na siyasa ba. Yahudawa suna ganin shigar da sanarwar cikin takardar riƙon da Majalisar Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba Birtaniya a 1922 ya ba su halasci a dokar duniya. Falasɗinawa suna cewa wanda bai mallaka ba ne ya yi kyauta.

Batun sayen fili yana buƙatar a tsaya a kansa, don a nan ne kowa ke da gaskiya ta wata fuska. Dokar filaye ta Usmaniyya ta 1858 ta ce kowa ya yi rajistar gonarsa. Manoma da yawa suka ƙi, saboda tsoron haraji da ɗaukar 'ya'yansu soja, sai attajiran birni suka rubuta ƙauyuka sukutum da sunansu, manomi yana nomansa bai ma san an yi ba. Da ƙungiyoyin Yahudawa suka zo da kuɗi, irin waɗannan masu takardar ne suka sayar, misali gidan Sursock na Beirut da suka sayar da babban kwarin Marj Ibn Amir a shekarun 1920. Mai saye ya biya kuɗinsa ya karɓi takarda, a wajensa ciniki ya halatta. Manomin da uban ubansa ya share gonar sai ya ga an ce ya tashi, don tsarin masu sayen shi ne Bayahude ne zai yi aikin gonar. A wajensa ƙwace ne. Duk da haka har zuwa 1947 abin da Yahudawa suka mallaka bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙasar ba, su kuma sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a.

Kuma ba wai ba a hango ba. Marubucin Bayahude Ahad Ha'am ya ziyarci ƙasar a 1891 ya gargaɗi 'yan uwansa cewa ba kango ba ce. A 1899 Yusuf Diya al-Khalidi, tsohon magajin garin Ƙudus, ya aika wasiƙar da ta isa hannun Herzl, ya yarda da alaƙar Yahudawa da ƙasar a tarihi amma ya ce tana da mutanenta, ya roƙa don Allah a ƙyale ta.

1948, shekara ɗaya suna biyu

A ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na 181, ƙasashe 33 suka amince, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. An ba ƙasar Yahudawa wajen kashi 55 cikin 100, da yawansa hamadar Naƙab ce, Ƙudus kuma a ƙarƙashin kulawar duniya. Shugabannin Yahudawa suka karɓa, Larabawa suka ƙi. Isra'ilawa har gobe suna cewa da an karɓa da ba a yi gudun hijira ba, kuma ƙasashen Larabawa ne suka shigo da sojoji bayan ayyana ƙasar a 14 ga Mayu 1948. Falasɗinawa suna cewa wa zai yarda a ba kashi ɗaya cikin uku na jama'a fiye da rabin ƙasa, kuma dubban ɗaruruwa sun riga sun bar gidajensu kafin sojojin Larabawa su shigo, musamman bayan kisan da mayaƙan Yahudawa suka yi a ƙauyen Deir Yasin a watan Afrilu.

Isra'ila tana kiran abin yaƙin 'yanci, Falasɗinawa suna kiransa Nakba, wato masifa. Mutum 700,000 zuwa 750,000 suka fita, ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai. An daɗe ana cewa shugabanninsu ne suka ce su fita, amma da aka buɗe kundin ajiyar Isra'ila a shekarun 1980 masana tarihinta irin su Benny Morris suka nuna cewa harin soja da tsoro da kora kai tsaye, kamar a Lidda da Ramla, su ne manyan dalilai, ko da yake har yanzu ana jayayya kan ko shiri ne tun farko. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ba a bar su sun dawo ba, duk da ƙuduri na 194 na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya ce a bar su su koma. A 1950 Isra'ila ta yi dokoki biyu, ɗaya ta ba kowane Bayahude a duniya damar zuwa ya zama ɗan ƙasa, ɗaya ta miƙa dukiyar waɗanda suka fita ga hukuma. A sansanonin Lebanon da Jordan da Gaza har yau akwai gidajen da ake ajiye da tsohon makullin ƙarfe da kushan, wato takardar fili ta zamanin Turkawa ko Ingilishi, ana gadar da su kamar yadda ake gadar da gona.

Bayan yaƙin Isra'ila ta riƙe kashi 78 cikin 100, Jordan ta haɗe Gaɓar Yamma ta Kogin Jordan, Masar ta riƙe Gaza, kuma ba ɗaya a cikinsu da ta kafa wa Falasɗinawa ƙasa. A 1967 Isra'ila ta kama sauran.

Inda kowane ɓangare ya rabu gida biyu

Ba murya ɗaya ake da ita a kowane gefe ba. Ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu, wato PLO, ta ayyana ƙasa a Aljiyas a 1988, a yarjejeniyar Oslo ta 1993 kuma ta amince da Isra'ila, ma'ana ta haƙura da kashi 22 cikin 100. Hamas a kundinta na 1988 ta ce ƙasar duka waƙafi ce ba mai ikon sarayar da taƙi ɗaya, a takardar 2017 ta ce za ta karɓi ƙasa a iyakokin 1967 ba tare da amincewa da Isra'ila ba. A ɗaya gefen Yitzhak Rabin, firaministan Isra'ila da ya sa hannu a yarjejeniyar Oslo, ɗan ƙasarsa ne ya harbe shi a 1995, jam'iyyar Likud kuma tun manufofinta na 1977 ta ce tsakanin teku da Kogin Jordan ikon Isra'ila ne kaɗai, dokar da Isra'ila ta yi a 2018 ta ce 'yancin ƙaddara makoma a ƙasar na Yahudawa ne su kaɗai. Harin da Hamas ta jagoranta ranar 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe mutum kusan 1,200 aka kuma yi garkuwa da wajen 250, da yaƙin da ya biyo baya wanda ya kashe dubun dubatar mutanen Gaza ya raba kusan dukkansu da gidajensu, sun ƙara wa masu cewa duka namu ne ƙarfi a ɓangarorin biyu.

Dokar duniya ita ba ta shiga gardamar wa ya riga wa ba. Ta amince da Isra'ila a matsayin ƙasa, ta amince Falasɗinawa al'umma ce mai haƙƙin ƙasa, ta ce ba a mallakar wuri da yaƙi. A kan haka Kotun Duniya ta ba da ra'ayi a Yulin 2024 cewa mamayar da aka yi tun 1967 da matsugunan da aka gina haramtattu ne. Isra'ila ta yi watsi da shi, tana cewa yankin da ake taƙaddama a kai ne, kuma sunan da take kiran Gaɓar Yamma da shi shi ne Yahudiya da Samariya.

Yadda tarihi ke shiga ɗakin talaka

A unguwar Sheikh Jarrah da ke gabashin Ƙudus, a 1956 Jordan da hukumar UNRWA ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da Falasɗinawan da suka rasa gidajensu suka zaunar da iyalai 28 na 'yan gudun hijira. Filin kuwa wasu ƙungiyoyin Yahudawa suna da takardar sayensa tun ƙarni na 19. Wata dokar Isra'ila ta 1970 ta ba Yahudawa damar neman dukiyar da suka rasa a gabashin Ƙudus a 1948, sai aka shiga kai iyalan nan kotu ana neman su tashi, abin da ya taimaka wajen tayar da rikicin Mayun 2021. Su kuma iyalan, gidajen da suka baro a Yafa ko Haifa ko yammacin Ƙudus suna nan, wasu ma suna da takardunsu, amma ba dokar da ta ba su damar nema. Hujja iri ɗaya ce, ta kakana ne, tana aiki ga wannan ba ta aiki ga wancan. Masu kare dokar suna cewa rikicin mai gida da ɗan haya ne kawai, masu sukarta, ciki har da ƙungiyoyin kare haƙƙi na Isra'ila, suna cewa hanya ce ta sauya yawan mazauna birnin.

Yau tsakanin kogin da tekun akwai Yahudawa sama da miliyan 7 da Falasɗinawa kusan haka. A Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus 'yan kama-wuri-zauna sun haura 700,000, su kotun farar hula ke yi musu shari'a, maƙwabcinsu Bafalasɗine a Gaɓar Yamma kuma kotun soja. Kusan kashi 60 cikin 100 na Gaɓar Yamma yana hannun Isra'ila kai tsaye, samun izinin gini a can ga Bafalasɗine abu ne mai wuyar gaske, in ya gina ba izini a rushe. Manomin da katangar da Isra'ila ta gina ta raba shi da zaitunsa sai da takardar izini zai je girbi a watan Oktoba. Shi kuma talakan Isra'ila yana biyan nasa kuɗin da tura 'ya'yansa soja suna shekara 18, da ɗakin ɓuya a gida, da tsoron da ya gada cewa in ya yi sake za a sake yi masa abin da aka yi wa kakanninsa.

Akwai ma mutanenmu a ciki. Dab da ƙofar Majlis ta Masallacin Aƙsa akwai 'yar unguwar Afirkawa, zuriyar alhazan da suka fito daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal suka biya Ƙudus bayan hajji suka zauna, cikinsu har da Hausawa. Fatima Barnawi, wadda aka sani a matsayin mace ta farko da Isra'ila ta ɗaure bayan 1967 saboda yunƙurin dasa bam a wani gidan sinima, mahaifinta ɗan Najeriya ne. Kakanninsu ba Kan'aniyawa ba ne, amma su da maƙwabtansu duk Falasɗinawa suke ɗaukarsu, kuma irin katin zama na mazauna gabashin Ƙudus ne a hannunsu, wanda hukuma kan iya sokewa in mutum ya daɗe a waje.

Amincewar da ƙasashen nan suka yi a Satumbar 2025 ba ta shata iyaka ba, ba ta ɗaga shingen bincike ko ɗaya ba, Najeriya ma ta amince tun 1988. Abin da ta ƙara shi ne nauyin diflomasiyya ga tsarin ƙasa biyu. A ƙasa kuwa, wata guda kafin sanarwar, a Agustan 2025, Isra'ila ta amince da gina gidaje wajen 3,400 a yankin da ake kira E1 tsakanin Ƙudus da matsugunin Ma'ale Adumim, wurin da in an gine shi zai kusan raba arewacin Gaɓar Yamma da kudancinta, Badawiyyan da ke kiwo a wurin kuma su ne za a fara cewa su tashi.